Bindigar Browning: Ƙirarta da tarihinta a hannun 'yan sanda

A yawancin garuruwan arewacin Najeriya, bindigar da jama'a suka fi sani a hannun ɗan sanda ita ce doguwar nan ƙirar AK-47, wadda ake gani a shingayen bincike da ƙofofin bankuna.

Sai dai akwai wata ƙarama da ba kasafai ake lura da ita ba, domin a cikin kube take, a ƙugun manyan jami'ai, da 'yan sandan ciki, da masu tsaron lafiyar shugabanni.

Ɗaya daga cikin ƙananan bindigogin da suka fi daɗewa a wannan aiki ita ce Browning Hi-Power, wadda aka fara ƙerawa a ƙasar Beljiyam a shekarar 1935, daga bisani kuma aka ƙera irinta a Kaduna.

Sojojin ƙasashe fiye da hamsin sun yi amfani da ita, haka ma rundunonin 'yan sanda da dama.

Tun asali dai an tsara ta ne domin sojan da ya samu horo sosai, kuma wannan ne ya sa batun horo da sa ido ke tasowa a duk inda ta shiga hannun 'yan sanda, waɗanda aikinsu a tsakiyar jama'a yake.

Waɗanda suka ƙera ta

Sunan bindigar ya samo asali ne daga John Moses Browning, wani Ba'amurke maƙerin bindigogi da aka haifa a jihar Utah a shekarar 1855.

Bayan yaƙin duniya na ɗaya, rundunar sojan Faransa ta nemi a ƙera mata sabuwar ƙaramar bindiga mai ɗaukar harsasai da yawa, mai sauƙin kwancewa da haɗawa, wadda kuma za ta iya kisa daga nisan mita 50.

Kamfanin Fabrique Nationale, wanda aka fi sani da FN, da ke garin Herstal kusa da birnin Liege, shi ne ya ɗora wa Browning wannan aiki.

Amma akwai wata matsala. Browning ya riga ya sayar wa kamfanin Colt na Amurka haƙƙin mallakar fasahar tsohuwar bindigarsa mai suna M1911, don haka tilas ya nemo wasu dabaru na daban.

Bai kai ga kammala aikin ba Allah ya yi masa rasuwa a Beljiyam a watan Nuwamban 1926.

Wani injiniyan kamfanin ɗan Beljiyam, Dieudonne Saive, shi ne ya ci gaba da aikin.

Da wa'adin haƙƙin mallakar da ke hannun Colt ya ƙare a shekarar 1928, sai Saive ya samu damar haɗa dabarun tsohuwar bindigar da na sabuwar.

A ƙarshe Faransa ba ta karɓi bindigar ba, ta zaɓi wata da aka ƙera a cikin gida. Sojojin Beljiyam ne suka fara ɗaukarta a shekarar 1935, abin da ya sa wasu ke kiranta P-35.

Yadda take aiki

Browning na cikin rukunin bindigogin da ke ɗura wa kansu harsashi.

Ma'ana, duk lokacin da aka danna kunama harsashi ɗaya ne ke fita, amma bindigar da kanta take jefar da kwanson da aka harba, ta kuma saka wani harsashin a gurbinsa.

Wannan ya bambanta ta da bindiga mai sarrafa kanta, wadda ke ci gaba da aman wuta muddin yatsa na kan kunama.

Ya kuma bambanta ta da libarba, mai gidan harsashi kewayayye da ke juyawa, wanda galibi harsasai shida yake ɗauka.

Ƙarfin albarushin da ya tura harsashi gaba, shi ne ke tura saman bindigar baya.

A farkon wannan tafiya, bututun bindigar da murfin ƙarfen da ke lulluɓe da shi a sarƙe suke da juna. Bayan sun ɗan ja baya tare, sai gindin bututun ya sunkuya ƙasa ya tsaya, murfin kuma ya wuce shi kaɗai.

A kan hanyarsa ta zuwa baya, murfin yakan fizgo kwanson ya wurgar, ya kuma ɗana 'yar gudumar da ke bayan bindigar.

Daga nan sai sifirin ya mayar da shi gaba, ya turo sabon harsashi cikin bututun. Duk wannan na faruwa ne kafin ƙiftawar ido.

Akasarin ƙananan bindigogin da 'yan sanda ke riƙewa a duniya a yau, a kan wannan tsari na sunkuyawar bututu aka gina su.

Harsasai goma sha uku

Babban abin da ya fito da sunan Browning shi ne gidan harsashinta, wanda ake zurawa a cikin mariƙi.

Saive ya tsara shi ta yadda harsasai za su jeru sahu biyu a karkace, maimakon sahu ɗaya, don haka yake ɗaukar harsasai 13.

A wancan zamani bindigar Luger ta Jamus takwas take ɗauka, M1911 ta Amurka kuma bakwai.

Sunan da kamfanin ya raɗa mata da Faransanci, wato Grande Puissance, yana nufin mai ƙarfi da yawa, amma yawan harsasan ake nufi, ba ƙarfin harbin ba.

Harsashin da take amfani da shi mai faɗin milimita 9 ne, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, kuma shi ne ƙungiyar tsaro ta NATO ta amince da shi daga baya.

Tsawon bindigar ya kusa santimita 20, bututunta kuma kusan santimita 12. Nauyinta ya kusa kilo guda, domin da ƙarfe aka yi ta.

Harsashin na fita da gudun kimanin mita 350 a cikin daƙiƙa guda, sai dai idan abin da ake hari ya wuce nisan mita 50, samunsa na da wuya ko ga gwani.

Makulli da haɗarinsa

Kunamar Browning aiki ɗaya kawai take yi, wato sakin gudumar da aka riga aka ɗana. Idan ba a ɗana ba, ko an danna kunamar babu abin da zai faru.

Wannan ya bar mai riƙe da ita da zaɓi biyu.

Ko dai ya yi yawo da ita da harsashi a cikin bututu, guduma a ɗane, ya dogara da ɗan makullin da ake turawa da babban yatsa, ko kuma ya bar bututun babu komai, sai buƙata ta taso ya ja murfin baya.

Hanya ta farko ta fi sauri, amma tana buƙatar hannun da ya saba. Ta biyu ta fi aminci, amma tana cin lokaci, kuma tana buƙatar hannu biyu.

Akwai kuma wani makulli na biyu a ciki, wanda ke hana bindigar tashi idan an zare gidan harsashi.

Masu koyar da harbi dai na yawan gargaɗin cewa zare gidan harsashi ba ya nufin bindiga ta zama fanko, domin harsashi ɗaya na iya saura a cikin bututu, kuma da zarar an mayar da gidan za ta iya tashi.

Wannan makulli na ciki ya kuma sa kunamar ta yi ɗan tauri, abin da masu amfani da ita suka daɗe suna kuka da shi.

Kamfanin FN ya yi mata gyare-gyare a shekarun 1980, ciki har da ƙara girman makullin waje, da sanya shi a ɓangarorin biyu domin bahagwai.

Yaƙin duniya da bayansa

Browning na daga cikin makaman da ɓangarori biyu masu gaba da juna suka yi amfani da su a yaƙin duniya na biyu.

Da Jamus ta mamaye Beljiyam a shekarar 1940, ta karɓe masana'antar FN, ta ci gaba da ƙera bindigar domin dakarunta.

Shi kuwa Saive tserewa ya yi zuwa Ingila, daga bisani kuma kamfanin John Inglis da ke birnin Toronto na ƙasar Kanada ya fara ƙera ta a shekarar 1944 domin sojojin China da Kanada da Birtaniya.

Bayan yaƙin, rundunar sojan Birtaniya ta ɗauke ta a shekarun 1950 domin maye gurbin tsofaffin libarbobinta, ƙasashe da dama na ƙungiyar Commonwealth kuma suka bi sahu.

Ƙasar Indiya ta ƙera nata samfurin a masana'antar Ishapore domin sojoji da 'yan sanda, Ajantina ma ta ƙera nata a birnin Rosario.

A Amurka, rukunin ceto waɗanda aka yi garkuwa da su na hukumar FBI ya yi amfani da ita a shekarun 1980.

Sunanta ya kuma fito a wasu manyan labaran duniya.

Da ita ce Mehmet Ali Agca ya harbi Fafaroma John Paul na biyu a birnin Vatican a ranar 13 ga watan Mayun 1981.

Haka nan bindigar nan mai ruwan zinari da mayaƙa suka yi ta ɗagawa sama bayan kama Kanar Muammar Gaddafi a garin Sirte a watan Oktoban 2011, ƙirar Browning ce.

Ƙirar Kaduna

A shekarar 1964 ne majalisar dokokin Najeriya ta kafa hukumar ƙera makamai ta ƙasa, wato DICON, mai masana'anta a Kakuri cikin garin Kaduna.

Wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner ne ya gina masana'antar, inda aka fara da harsasai da bindigogi ƙirar Beretta ta Italiya.

Daga baya hukumar ta samu lasisi daga kamfanin FN, ta ƙera doguwar bindigar nan ta soja mai suna FAL, wadda ta kira NR-1, da kuma Browning, wadda ta kira NP-1.

Duka biyun dai aikin hannun Dieudonne Saive ne, domin shi ne ya tsara FAL bayan yaƙin duniya na biyu.

Sai dai masana'antar ta sha fama da ƙarancin kuɗi da tsufan injuna, har akwai lokacin da aka fi saninta da yin kujeru da kayan gyaran injuna.

Saboda haka Najeriya ta ci gaba da sayo ƙananan bindigogi daga waje, abin da ya sa ake samun ire-irensu daban-daban a hannun jami'an tsaro, kama daga Browning zuwa Beretta da Tokarev.

A watan Nuwamban 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar DICON, wadda ta soke ta 1964, ta kuma bai wa hukumar damar yin haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu.

Daga kulki zuwa bindiga: misalin Haɗeja

Idan ana son a fahimci yadda irin wannan bindiga ta zo ƙugun ɗan sanda a ƙasar Hausa, tarihin masarautar Haɗeja ya isa misali.

A watan Afrilun 1906 ne sojojin Birtaniya suka taso daga Kano suka afka wa birnin da igwa da bindigogi masu jigida ƙirar Maxim.

Sarkin Haɗeja Muhammadu ya rasu a wannan yaƙi tare da manyan jarumansa, shi ya sa har gobe ake kiransa Mai Shahada.

Bayan cin garin, Turawa sun bi tsarin da suka bi a sauran masarautu, wato suka riƙe makaman zamani a hannun sojojinsu da 'yan sandan gwamnati, suka bar wa Sarki dogarai.

Daga shekarun 1920 aka fara tsara 'yan dokan En'e, masu kayan sarki da albashi, amma makaminsu na yau da kullum kulki ne. Ita kanta kalmar ɗan sanda shaida ce a kan makamin da aka san su da shi tun farko.

Rundunar 'yan sandan Najeriya, wadda aka kafa a shekarar 1930 bayan haɗe rundunonin arewa da kudu, ita ce ke da bindigogi, kuma ta fi yawa a manyan birane da garuruwan da jirgin ƙasa ke bi.

A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fara shigar da 'yan dokan En'e cikin rundunar tarayya, kuma daga nan ne aikin tsaro a garuruwa irin su Haɗeja ya koma hannun jami'ai masu bindiga da ke karɓar umarni daga wajen masarauta.

Tun bayan ƙirƙiro jihar Jigawa a watan Agustan 1991, ofisoshin 'yan sandan yankin na ƙarƙashin kwamishinan da ke Dutse ne.

Babban ƙalubalen tsaro a fadamar kogin Haɗeja shi ne rikicin manoma da makiyaya, musamman a ƙananan hukumomin Guri da Kirikasamma da Birniwa a lokacin kaka.

Madatsun ruwa na Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke raya fadamar, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, lamarin da ya sa gonaki da wuraren kiwo suka matse.

A irin wannan fili mai faɗi, ƙaramar bindigar da ba ta wuce mita 50 ba, ba ta da wani tasiri sosai, shi ya sa doguwar bindiga ake bai wa 'yan sintiri.

Ita ƙaramar aikinta a cikin gari yake, wajen kama wanda ake zargi, da rakiyar manya, da kuma kare kai, wato a inda jama'a suke kusa, kuskure kaɗan kuma na iya cin rai.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta Najeriya ta shekarar 1959 ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko su ne haramtattun makamai, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke iya ba da lasisin mallakarsu. Ƙananan bindigogi irin su Browning da libarba a nan suke, tare da bindigogin yaƙi.

Kashi na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta na zamani, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu.

Kashi na uku kuwa shi ne na bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin bindigar toka ta maharba, waɗanda izininsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Ke nan maharbi a Baturiya ko Auyo na iya neman izinin riƙe bindigar toka, amma samun farar hula da ƙaramar bindiga ba tare da lasisin shugaban ƙasa ba babban laifi ne da ke jawo ɗauri na shekaru masu yawa.

Dalilin tsananin shi ne, ƙaramar bindiga na ɓoyuwa a cikin aljihun riga.

Yaushe ɗan sanda zai yi harbi?

Ƙa'idar da ta fayyace lokacin da ɗan sandan Najeriya zai iya harbi ita ce umarnin runduna mai lamba 237.

Tsohon umarnin ya sha suka, saboda ya ba da damar harbin wanda ake zargi da babban laifi idan ya yi yunƙurin tserewa, ko da kuwa ba ya barazana ga ran kowa.

Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan gilla, Philip Alston, wanda ya ziyarci Najeriya a shekarar 2005, ya nemi a sake shi, haka ma ƙungiyar Amnesty International a wani rahoto da ta fitar a watan Disamban 2009.

A shekarar 2005 ɗin ne kuma aka kashe wasu matasa shida a unguwar Apo da ke Abuja, shari'ar da ta kai ga yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa a watan Maris na 2017.

A watan Oktoban 2019, Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya ƙaddamar da sabon umarnin da aka yi wa kwaskwarima, wanda ya kusantar da shi ga ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990.

Waɗannan ƙa'idoji na cewa ba a harbi da nufin kisa sai idan babu wata hanya ta ceton rai.

Duk da haka ƙorafi bai ƙare ba, kamar yadda zanga-zangar EndSARS ta watan Oktoban 2020 ta nuna.

Masu fafutukar kare haƙƙin bil'adama na cewa yawancin abin da ake kira kuɓucewar harsashi, sakamakon ƙarancin horo ne da rashin hukunci, domin da wuya bindiga mai lafiya ta tashi idan yatsa bai taɓa kunama ba.

Lissafin ma'ajiya

Kowace Browning na ɗauke da lambarta da aka buga a jikin ƙarfenta, kuma bisa ƙa'ida, jami'in da ya karɓi bindiga daga ma'ajiyar makamai sai ya sa hannu a littafi, a kuma ƙirga harsasan da aka ba shi da waɗanda ya dawo da su.

Sai dai rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa watan Disamban 2018, makaman 'yan sanda 178,459 ne aka ba da rahoton ɓacewarsu, ciki har da AK-47 guda 88,078.

Rahoton ya ƙara da cewa akwai wasu bindigogi 3,907, manya da ƙanana, da ba a iya ba da bayaninsu ba zuwa watan Janairun 2020.

Rundunar 'yan sandan ta yi jayayya da yadda aka fassara alƙaluman a lokacin da batun ya sake tasowa a majalisar dattawa a shekarar 2025, inda ta ce wasu makaman an ƙwace su ne a hare-haren da aka kai wa jami'anta, kuma an ƙwato da dama daga ciki.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda ta wajabta sanya wa makamai alama da ajiye rajistarsu.

A shekarar 2021 kuma gwamnati ta kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da bazuwar ƙananan makamai, a ƙarƙashin ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Makomarta

Tauraron Browning ya fara dusashewa ne a shekarun 1980, bayan fitowar bindigar Glock 17 ta ƙasar Austriya, wadda aka yi gangar jikinta da roba mai tauri.

Glock ta fi ta rashin nauyi, tana ɗaukar harsasai 17, ba ta kuma da guduma a waje ko makullin da za a tura da yatsa, don haka koyar da ita ya fi sauƙi.

A watan Janairun 2013 ma'aikatar tsaron Birtaniya ta ba da sanarwar sayen Glock fiye da 25,000 domin maye gurbin Browning.

Kamfanin FN ya daina ƙera tsohon samfurin, aka kuma sanar da hakan a shekarar 2018, bayan fiye da shekaru 80 ana yinsa. A shekarar 2022 ya fito da wani sabo mai kama da shi, yayin da wasu kamfanoni a Turkiyya da Amurka ke ƙera kwatankwacin na asali.

An ƙiyasta cewa an ƙera Browning fiye da miliyan ɗaya, kuma da yake bindiga ce mai ƙarko, wadda ake share ta ana sa mata mai na iya yin shekaru aru-aru tana aiki.

Wannan na nufin za a daɗe ana ganinta a ma'ajiyoyin makamai na ƙasashe masu tasowa, da kuma hannun waɗanda suka same ta ta haramtacciyar hanya.

Ga mazaunin Haɗeja ko Malam Madori, abin da ya fi shafarsa shi ne ko jami'in da ke ɗauke da ita ya samu horon da ƙirarta ke buƙata, da kuma ko akwai wanda zai tambaye shi inda kowane ɗaya daga cikin harsasan nan 13 ya tafi.